Filin Tambaya da Amsa: Yadda Jar Ciyawar Teku Ke Hayayyafa

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu guda, ciyawar teku, musamman jar. Na zaɓi shida. Wasu tambayoyin na rage musu tsawo saboda ƙarancin wuri, masu su su yi mini afuwa.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin farko na jami'a, sashen nazarin tsirrai. An ba mu zanen rayuwar wata jar ciyawar teku mai suna Polysiphonia, kibiya na bin kibiya har zagaye ya rufe, aka ce mu haddace. Na haddace, amma wallahi ban gane ba. Me ya sa tsiro ɗaya zai bi matakai uku kafin ya koma inda ya fara? (Wata ɗaliba, Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ajiye zanen tukuna. Duk wannan kewaye-kewayen daga naƙasa guda ya samo asali: namijin jar ciyawa bai iya iyo ba.

A halittun ruwa da yawa, har da korayen ciyayin teku da masu launin ƙasa, ƙwayar namiji tana da 'yar wutsiya da take kaɗawa ta je ta nemi ta mace. Jajayen kuwa, nau'i wajen 7,000 da aka sani, babu ko ɗaya mai wutsiyar nan a kowane mataki na rayuwarsa. Namiji zai saki ƙwayoyinsa a ruwa, 'yan mitsi-mitsi, masu yauƙi, sai inda igiyar ruwa ta ga dama ta kai su. Ita kuma macen ba ta sakin ƙwanta. Yana nan a jikinta, ya miƙo wani siririn gashi waje yana jiran abin da zai maƙale. In ƙwayar namiji ta dace ta manne a gashin, sai abin da ke cikinta ya gangara ya haɗu da ƙwan. Mace da namijin nan su ne mataki na farko, waɗanda littafinku ke kira gamitofait. Kowannensu kuromozom, wato zaren da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayar halitta, riɓi ɗaya gare shi.

To ki duba faɗin teku, ki duba ƙanƙantar gashin. Dace irin wannan ba a yi masa riƙon sakainar kashi. Maimakon ƙwan da ya samu namiji ya faɗi ƙasa ya zama tsiro ɗaya tak, sai ya zauna a jikin uwar ya yi ta rarrabuwa, uwar na ciyar da shi, har ya zama wani ɗan dunƙule mai zaman kansa. Wannan shi ne mataki na biyu, kafosiforofait. Ni ɗan goyo nake ce masa a aji, don ba ya taɓa sauka. Kuromozom ɗinsa riɓi biyu ne, rabi na uwa rabi na uba, kuma aikinsa guda ne: ya zubo ƙwayoyin iri, wato sifo, ɗaruruwa, a wasu nau'ukan dubbai, dukkansu kwafin wancan dacen guda ɗaya. A wasu nau'ukan ma ƙwan kan miƙa zare cikin jikin uwar ya kafa goyo a wurare da dama, haɗuwa ɗaya ta haifar da dunƙule barkatai.

Ɗan goyon nan ido na ganinsa. A gaɓar tekun Gana, in ruwa ya janye ya bar duwatsu a waje, na sha ɗaga reshen Gracilaria in shafa da yatsa. Wani reshen sumul yake. Wani kuma sai ki ji ƙuraje masu tauri a jere, launinsu ya fi na reshen duhu, kowane da ɗan rami a tsakiyar kansa inda ƙwayoyin iri ke fita. Duk reshen da kika ji ƙurajen nan, mace ce, kuma kowane ƙurji shaida ne cewa namiji ya iso.

Ƙwayoyin irin da suka fito su ma ba su iya iyo ba. Nutsewa suke yi, yauƙinsu ya manna su a dutse, akasari 'yan taku kaɗan daga uwar. Mafi yawansu ba sa kai labari: yashi ya binne wasu, dodon koɗin teku ya lashe wasu, rana ta ƙone waɗanda suka faɗa a wurin da ruwa ke daɗewa bai dawo ba. Wadda ta tsira ta zama mataki na uku, tetirasiforofait, tsiro cikakke mai riɓi biyu, ba mace ba namiji. Idan ya nuna, wasu ƙwayoyin jikinsa sukan yi rabuwar nan da ke mayar da riɓi biyu ya koma ɗaya, kowace ƙwaya ta ba da 'yan huɗu. Biyu su tsiro maza, biyu mata. Zagaye ya rufe.

Kin ga ke nan an ninka sau biyu, an ninka a wurin ɗan goyo, an sake ninkawa a wurin mai 'yan huɗu. Wani masani a Amurka, Richard Searles, shi ya kawo wannan bayani a 1980, cewa mataki na biyu diyya ce ta rashin wutsiya. Bayanin yana da ma'ana, ni ma da shi nake koyarwa, amma kada ki ɗauke shi yankan wuƙa. Masu bincike a gaɓar arewacin Faransa sun bi diddigin ubannin 'yan goyon Gracilaria da gwajin ƙwayoyin gado, suka tarar haɗuwar ba ta yi wuyar da ake zato ba. Idan ruwa ya janye, ƴan kududdufan da ke cikin duwatsu sun lafa, ƙwayoyin maza kan isa ga matan da ke kusa da su sosai, kuma mace ɗaya takan goyi 'ya'yan maza daban-daban.

Abin da ke rikita ɗalibai a Polysiphonia shi ne namiji da mace da mai 'yan huɗu duk kamarsu ɗaya, sai an sa madubin ƙara girma a nemi kayan haihuwa. Amma kamar waje ce kawai. A wata jar ciyawa ta gaɓar Ayalan da Kanada, Chondrus crispus, sinadarin da ake cirowa daga maza da mata yana daskarewa ya yi kamar kilishin ruwa mai tauri, wanda ake cirowa daga mai 'yan huɗu kuwa kauri kawai yake ƙara wa abu, ba ya daskarewa. Masu masana'anta sun san bambancin tun kafin su damu da dalilinsa.

Ga wani lissafi da zai yi miki amfani a jarrabawa. In kika je dutse kika ƙirga, da wuya ki tarar rabi da rabi. Ko da komai nasu daidai yake, lissafi ya nuna masu riɓi ɗaya za su kai kusan kashi 59 cikin 100, masu riɓi biyu kusan 41. Dalilin a fili yake: kowane mai 'yan huɗu yana zuba iri, amma a cikin maza da mata, mata ne kaɗai ke goyo. Inda aka ga ƙirgar ta kauce wa wannan da nisa, akwai wani abu da ke fifita ɓangare ɗaya, ko zafi, ko ƙarfin igiyar ruwa, ko hannun mutum.

Kuma ba duka ne ke bin zanen littafinku ba. Akwai wata da ake ci a Ayalan da gabashin Kanada, Palmaria palmata, da masana suka shekara da shekaru suna neman macenta ba su gani ba. Maza ga su, masu 'yan huɗu ga su, mata babu. Sai a 1980 wasu masu bincike a Kanada suka gano macen 'yar ƙwarya-ƙwaryar ɗigo ce da ido ba ya gani, tana balaga cikin 'yan kwanaki, alhali namijin da aka haife su tare sai ya yi watanni da yawa. Dole mazan da suka girme ta ne ke ba ta ƙwaya, daga nan mai 'yan huɗu ya tsiro kai tsaye a kanta ya rufe ta ruf. Babu ɗan goyo sam. Yanzu ki koma ki ɗauki zanenki.

Tambaya: Malam, ni mai kiwon zuma ne. Na ji a rediyo wai an gano akwai ƙudan zuma a cikin teku da ke yi wa ciyawa barbara. Gaskiya ne ko zuƙi ta malle? (Wani mai kiwon zuma, Maraɗi)

Amsa: Malam, da gaskiya a ciki, amma mai ba da labarin ya ɗan ƙara gishiri. Ba ƙudan zuma ba ne, wani ɗan ƙwaron ruwa ne dangin jatan lande, Idotea balthica, tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba. A watan Yulin 2022 mujallar Science ta buga binciken wasu masana na tashar nazarin teku ta Roscoff a Faransa, a ƙarƙashin jagorancin Myriam Valero. Sun sa namiji da macen Gracilaria gracilis a akwatin gilashi mai ruwan teku da ba ya motsi, suka bar tazara tsakaninsu. Wasu akwatunan suka zuba ƙwarin, wasu suka bar su haka. Inda akwai ƙwarin, 'yan goyon da suka fito a jikin matan sun ninka na sauran kusan sau 20. Sai suka sake gwaji: suka bar ƙwarin su yi yawo a kan namiji, sannan suka kwashe su zuwa akwatin da mace ce kaɗai a ciki, ita ma ta ɗauka. Da aka duba ƙwaron a madubin ƙara girma, ga ƙwayoyin namiji nan manne a ƙafafunsa da cikinsa.

Shi ƙwaron ba don Allah yake yi ba. A cikin rassan yake ɓuya daga kifi, launinsa ya saje da nasu, yana kuma kankare ƙananan gansakukar da ke fitowa a jikin ciyawar yana ci. Ita ciyawar ta samu wanka, ta samu ɗan aike.

Inda zan ja maka birki shi ne, a akwati aka yi gwajin, cikin ruwan da ke tsaye cik. A teku igiyar ruwa na aikinta, kuma ciyawar na haihuwa ko babu ƙwaron. Ba irin dogaron da wasu itatuwanka suka yi da zumarka ba ne.

Abin da ya sa labarin ya ja hankali shi ne tsufan dangin. A tsibirin Somerset da ke can ƙuryar arewacin Kanada an tono burbushin wata jar ciyawa, Bangiomorpha, da aka auna shekarunta kusan miliyan 1,047, kuma a jikinta ana rarrabe ƙwayoyin haihuwa iri biyu. Tana cikin tsofaffin shaidun haihuwa ta mace da namiji da aka taɓa samu. Tsirrai masu fure baƙin jiya ne a kanta. Daga nan wasu suka yi tsalle suka ce ashe barbara da taimakon dabba a teku ta fara. Zai yiwu, amma zato ne, burbushin bai zo da ƙwaro manne a jikinsa ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, a wata tafiya an ba ni shinkafa naɗe cikin wani baƙin ganye siriri kamar takarda, aka ce ciyawar teku ce ta Japan. Wanda ya ba ni ya ce wai har biki Japanawa ke yi wa wata Baturiya saboda ganyen nan. Mene ne labarin? (Wani ɗan kasuwa, Abuja)

Amsa: Alhaji, abokinka bai yi maka ƙarya ba. Ganyen sunansa nori, kuma duk da baƙin da ka gani, jar ciyawa ce, busarwa da gashi ne suka sauya mata launi. Kowane falle faɗinsa santimita 19, tsawonsa 21, nauyinsa wajen giram 3.

Tun ƙarni na 17 masunta a gaɓar Tokiyo suke kafa rassan itace da gora a ruwa marar zurfi idan kaka ta yi. In an yi sa'a, da sanyi ya shigo sai ganyen ya fito a jikin rassan, a yi ta tsinka har bazara, daga nan ya ɓace ɓat. Ba wanda ya san inda yake tafiya a watannin zafi, ba wanda ya san daga ina irin yake zuwa da kaka. Bana a cika rumbu, baɗi a tashi a tutar babu, har suka riƙa kiranta ciyawar 'yan caca. A ƙarshen shekarun 1940, bayan yaƙin duniya na biyu, guguwa da gurɓatar ruwa suka haɗu suka durƙusar da noman, ga yunwa a ƙasa, ga shi ba wanda ya san yadda ake tanadin iri.

A can Ingila kuwa akwai wata masaniyar tsirrai a Jami'ar Manchesta, Kathleen Drew-Baker. An haife ta a 1901. Da ta yi aure a 1928 aka raba ta da aikin koyarwa, don a lokacin jami'ar ba ta riƙe matan aure, ta ci gaba da bincike ba albashi. Tana nazarin 'yar uwar nori da ke fitowa a gaɓar Wales, Porphyra umbilicalis, wadda mutanen can ke dafawa su ci. Ta tattara ƙwayoyin irin da ganyen ke zubarwa bayan haɗuwar mace da namiji, ta zuba su a ruwan da ta sa ɓawon kawa a ciki. Ba ganye ne ya fito ba. Wasu siraran zare ne ja-ja suka huda ɓawon suka shige ciki suka bazu, ɓawon ya yi tabo-tabo ruwan hoda.

Zaren nan ba baƙo ba ne. Tun 1892 aka san shi, aka raɗa masa suna Conchocelis rosea, ana ɗauka wani tsiro ne daban. Drew-Baker ce ta nuna cewa shi da ganyen abu ɗaya ne, mataki biyu na rayuwa guda. A 1949 ta buga ɗan gajeren rahoto a mujallar Nature. Ashe ganyen ba ɓacewa yake yi da zafi ba, yana can ƙarƙashin ruwa cikin ɓawon kawa a siffar zare. Idan kaka ta yi, ruwa ya fara sanyi, yini ya gajarta, sai zaren ya saki wasu ƙwayoyin irin, su ne ke mannewa a rassan masunta.

Wani masani ɗan Japan, Sokichi Segawa, ya karanta rahoton ya gane abin da ke ciki. Wani mai bincike a lardin Kumamoto, Fusao Ota, ya bi sawu, zuwa 1953 ya samo hanyar shuka irin da hannu. Yau haka ake yi. Da bazara a zuba ƙwayoyin iri a kan ɓawon kawa, a jera ko a rataye ɓawon cikin manyan kwatamai a ƙarƙashin rufi, a yi ta lura da haske da zafin ruwa duk tsawon watannin zafi. Da kaka a naɗe dogayen komaye a jikin wata babbar ƙafa mai juyawa, ƙasanta na tsoma cikin kwatamin, tana juyi ƙwayoyin na mannewa a zaren komar. Jim kaɗan ma'aikaci ya yanko ɗan guntun zare ya duba a madubi ya ƙirga. In sun yi yawa ganyen zai cushe ya tsumbure, in sun yi kaɗan an yi asarar koma. Daga nan a kai teku a shimfiɗa, a riƙa ɗaga komar ta sha iska na wasu sa'o'i kullum, don nori na jure bushewa, ciyayin da ke kishi da ita ba sa jurewa. Wasu komayen kuma, da tsiron ya ɗan tasa, a busar da su sama-sama a sa a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri, in cuta ta kama na farko a fito da su.

Drew-Baker ta rasu a 1957, ba ta taɓa taka ƙasar Japan ba. A 1963 manoman nori suka gina mata dutsen tunawa a garin Uto, yana kallon tekun Ariake, kuma duk ranar 14 ga Afrilu sukan taru a wurin. Uwar Teku suke ce mata. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai, binciken da ya ceci sana'ar nan ba don ita aka yi shi ba. Mace ce da aka hana albashi take son sanin inda ganye ke kwana da rani. Da a ce kwamitin rabon kuɗin bincike aka kai wa takardarta a tambaye shi amfaninta, da wuya ta wuce teburin farko.

Tambaya: Malam, na ga matan Zanzibar a talabijin suna noman ciyawar teku, suna samun na kansu. A ina suke sayen iri? Kuma ƙungiyarmu ta mata za ta iya gwadawa a madatsar ruwa? (Shugabar wata ƙungiyar mata, Katsina)

Amsa: Hajiya, bari in fara da ta biyun don kada a kashe kuɗi. Ba za ta yi ba. Ruwan gishiri take so, cikakken na teku, mai ɗumi, mai motsi. Ko a can Zanzibar in ruwan sama ya yi yawa ya tsarma gishirin, ciyawar kan kamu da ciwo. Akwai 'yan jajayen gansakuka kaɗan da ke zama a rafuka masu tsabta, amma ba su ne ake sayarwa ba.

Batun iri kuwa, ba sa saye, ba sa kuma jiran duk wannan haihuwa da na yi ta bayani a sama. Yadda manomin rogo ke karya kara ya dasa, haka suke yi. Idan ruwa ya janye, mace za ta shiga da ɗaurin igiyoyi, ta kafa turaku biyu a yashi, ta ɗaure igiya tsakaninsu, sannan ta bi igiyar tana ɗaura guntayen ciyawa da siririn zaren leda, tazarar kamar taki ɗaya na hannu. Bayan mako shida kowane guntu ya zama dami. Ta kwance, ta ware masu kyau ta sake ɗaurawa, sauran ta shanya a rana. Mwani suke kiranta. Busasshiyar ake fitarwa ƙasashen waje a ciro sinadarin karajinan, wanda ke sa askirim da madarar cakulan da man goge baki su yi kauri. In kin ga E407 a jikin kwali, shi ne.

An fara noman nan gadan-gadan a Zanzibar a 1989, a ƙauyukan Paje da Jambiani, da irin da aka kawo daga Filifin, bayan shekarun da Farfesa Keto Mshigeni na Jami'ar Darussalam ya yi yana kira a gwada. Iri biyu ne, Kappaphycus alvarezii da 'yan kasuwa ke kira kotoni, da Eucheuma denticulatum da suke kira sifinosom. Mafi yawan manoman mata ne, kuma kuɗin ya sauya zaman gidaje da dama.

Sai dai dashen guntu yana da kuɗin da ake biya daga baya. Duk abin da ke kan igiyoyin nan kwafin 'yan tsirarun tsirrai ne da aka zaɓa shekaru da dama da suka wuce. Babu mace da namiji, babu sabon haɗi, kuma irin gonar da wuya ma a gan shi da kayan haihuwa. Abin da ya kayar da ɗaya zai kayar da duka. Da ruwan gaɓa ya ƙara zafi, sai ciwon da ake kira ais-ais ya yawaita: reshe ya yi fari fat, ya yi laushi, ya karye ya bi ruwa. Kotoni, wanda ya fi tsada, shi ya fi jin jiki, har ya gagara a wurare da yawa, mata suka koma wa sifinosom mai araha. Masana irin su Dakta Flower Msuya sun nuna kotoni na yi in an kai shi ruwa mai zurfi da sanyi, amma wannan sai da kwalekwale da iya iyo, abubuwan da yawancin matan ba su da su.

Ba Zanzibar kaɗai ba. A ƙasar Chile, inda ake dasa Gracilaria da guntu a cikin laka, da aka bincika gonakin sai aka tarar kusan duk masu 'yan huɗu ne, maza da mata sun yi ƙaranci, bambancin gado ya ragu sosai in an kwatanta da na daji. Manoma ba su yi da niyya ba, wanda ya fi saurin girma suka riƙa zaɓa.

A ganina nan ne Japan ta sha gaban kowa. Su sun riƙe zagayen rayuwar gaba ɗaya a hannu, suna iya haɗa wannan da wancan su fitar da iri mai jure zafi. Masu dashen guntu kuwa abin da aka ba su tun farko suke ta juyawa. Gaɓar Tanzaniya tana da nata Eucheuma na daji da ke haihuwa, kuma daga irinsu ne ake sa ran samo sabon jini, in an kula da su, don bincike ya nuna irin Asiya da ya kuɓuce daga gonaki ya riga ya bazu a duwatsun da na gida ke zaune.

Tambaya: Malam, ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Garin aga da muke shuka ƙwayoyin cuta a kai, an ce daga ciyawar teku yake. In haka ne, me ya hana a noma ta da yawa ya yi araha? (Wani ma'aikacin lafiya, Jos)

Amsa: Ɗan'uwa, duk farantin da ka zuba ka shuka fitsari ko jini a kai, jar ciyawa ce a ciki. Dabarar ta Fanny Hesse ce, matar wani likitan Jamus da ke aiki tare da masanin ƙwayoyin cuta Robert Koch. A 1881 ta ba da shawarar a gwada aga a maimakon jelatin na ƙashi da fatar dabba, wanda ke narkewa a zafin jikin mutum, wasu ƙwayoyin cutar kuma suna cinye shi. Aga ba ya narkewa sai wajen digiri 85, in ya narke kuma ba ya daskarewa sai ya sauko wajen 40, shi ya sa kake iya zuba jini a ciki bai dahu ba.

Aga na abinci, mai lamba E406, akasarinsa daga Gracilaria ne, ita kuma ana nomanta sosai a Sin da Indunusiya. Tsiro ne tsantsa, ba ƙashi ba fata, ga masu tambayar halaccinsa. Na ɗakin gwaji kuwa an fi son na Gelidium don tsabtarsa, ita kuma ta ƙi noma. Girma take a hankali, sai a kan dutse inda igiyar ruwa ke duka, kuma ba ta yarda da igiya yadda za a ci riba. Har yau daga daji ake samunta. A Maroko, wajen El Jadida, masu nutso ne ke shiga su tsinko da hannu.

Yadda take sabunta kanta shi ne inda gizo ke saƙar. Tana zuba ƙwayoyin iri, amma kaɗan ne ke kamawa. Yawancin sabon toho daga 'yan jijiyoyin da ke shimfiɗe a kan dutse yake fitowa. Wanda ya yanka ya bar gindi, baɗi zai samu. Wanda ya fizge har gindi ya bar dutse tsirara, sai a shekara da shekaru ana jira. Da ciyawar ta ja baya, gwamnatin Maroko ta taƙaita abin da za a ciro a shekara zuwa tan 6,000 a 2010, ta kuma taƙaita fitar da ɗanyarta. Zuwa 2015 ƙarancin ya kai ga ɗakunan gwaji a duniya, farashin sari ya kusa ninkawa uku.

Tambaya: Baba, ciyawar da teku ke turo mana tuli-tuli tana cika komar masunta, ita ce jar da ake magana? Kuma wani abokina ɗan Sudan ya ce jar ciyawa ce ta sa ake kiran Bahar Maliya jan teku. (Wani matashi, Nima, Akra)

Amsa: Ɗana, duka biyun a'a. Wadda ke damun gaɓarku tun 2011, daga Saliyo har Legas, Sargassum ce, daga dangin masu launin ƙasa. Ka duba za ka ga 'yan ƙwallaye masu iska a jikinta, su ke riƙe ta a saman ruwa. Ba ta manne wa dutse, kuma nau'ukan nan masu yawo ba a taɓa ganin suna haihuwa ta mace da namiji ba, karyewa kawai suke yi kowane guntu ya ci gaba da girma. Jajayen gaɓarku suna can manne a duwatsu, sai ruwa ya janye za ka gan su, ciki har da Hypnea musciformis mai rassa masu lanƙwasa a baki kamar ƙugiya, wadda ita ma ake ciro karajinan daga jikinta.

Shi kuma abokinka ka gaya masa bayanin da aka fi yawan bayarwa ya danganta sunan ne da wata ƙwayar bakteriya mai rayuwa da hasken rana, Trichodesmium erythraeum, wadda kan yi ambaliya a saman ruwa lokaci-lokaci ta bar shi ja-ja idan tana mutuwa. Wasu masana tarihi kuma sun ce mutanen da ne ke kiran kusurwoyin duniya da launuka, ja na nufin kudu.